Ƙoƙo Na Bakwai

Ranar da aka kawo injin nan ni na sa hannu na karɓa, don haka duk abin da ya biyo baya ba ni da wanda zan ɗora wa. Mutum shida suka shigo da shi ɗakin awo suna nishi, Manaja yana biye da su yana ta "a hankali, a hankali", sai ka ce a kansa aka ɗora. Da aka yaye ledar sai ga abu ba wani abin a zo a gani ba: faranti na gilashi, kyamara a sama tana leƙen farantin, fitila zagaye da ita, sai kwamfuta a gefe. Aikinsa guda ne, ya auna tsayin ƙoƙo.

Ƙoƙo shi ne abin da muke ƙerawa a masana'antarmu. Wani ɗan abu ne na tagulla, bai fi kan babban yatsa ba, wanda ke zama a cikin kan tukunyar gas. Tsayinsa milimita goma sha biyu. Idan ya gaza, ba zai danne robar da ke ƙarƙashinsa da kyau ba, sai gas ya riƙa zurarewa a ɗakin girkin wata baiwar Allah. Shi ya sa ba ma wasa da tsayi. Mukan raba milimita ɗaya gida dubu, kowane gida mu kira shi ɗigo, kuma duk ƙoƙon da ya wuce ko ya gaza da fiye da ɗigo ashirin, komawa yake a narke shi. Silin gashin mutum ma ya fi ɗigo ashirin kauri nesa ba kusa ba.

Kafin zuwan injin, wannan aikin na Yayana ne. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shekara goma sha huɗu tsakaninmu. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya sa ni makarantar koyon gyaran injuna, shi kuma ya kamo hannuna ya kawo ni masana'antar nan. Kowa Mai-Awo yake ce masa. Shi kuwa Auta yake ce mini, a gaban leburori, a gaban Manaja, a gaban baƙi, duk da furfurar da ta fara cin gemuna. Na yi fushi har na gaji na bari.

Teburinsa falalen baƙin dutse ne mai santsi, a kai an kafa agogon awo mai allura. Sai ya tura ƙoƙo ƙarƙashin bakin agogon, allura ta motsa, ya duba, ya jefa dama ko hagu. Duk ƙoƙon da ya fita daga ƙofarmu ta hannunsa ya bi. A kusurwar teburin akwai wani ɗan akwatin katako mai ɗauke da ƙoƙuna goma na gwaji, kowanne da lambarsa a gindi, an rubuta tsayinsu a kati an manna a murfin. Da su yake gwada agogonsa kowace safiya. Ba mai taɓa akwatin nan sai shi. An taɓa samun wani sabon ma'aikaci ya ɗora kofin shayi a kai, har ya bar aikin bai ƙara yarda ya bi ta ƙofar ɗakin ba.

Kowa ya san abin da zuwan injin ke nufi, ba mai faɗa ne kawai. Manaja ya kira mu biyu ofis ya yi mana bayani mai daɗi. In injin ya ci jarrabawa, shi zai ɗauki awo, Yaya ya koma mai sa masa ido, yana zare ɗaya cikin goma yana tabbatarwa da hannu. In ya faɗi, a mayar wa masu shi, teburin Yaya ya ci gaba kamar da. Jarrabawar kuma ita ce, a auna kowane ɗaya daga ƙoƙunan gwajin nan sau goma, kada amsoshin su yi nesa da juna fiye da ɗigo uku, sannan su dace da abin da Mai-Awo ya auna. Ni aka ɗora wa aikin shirya injin. Wata huɗu ya rage Yaya ya cika shekara talatin a teburin nan, kuma ni ƙanensa aka ba wuƙar rage masa kujera. Abin bai yi mini daɗi ba, amma ban iya cewa a'a ba.

Yadda injin ke awo ba wuya. Kyamarar tana sauka tana hawa har hoton farantin ya fito tar, ta riƙe wurin. Sai ta hau ta nemi inda hoton saman ƙoƙon zai fito tar. Tazarar da ke tsakani ita ce tsayi. A takarda ke nan. Ranar farko Yaya ya ba ni ƙoƙon gwaji lamba uku na ɗora, na auna sau goma ban motsa shi ba, injin ya ba ni amsa goma, tsakanin babbar da ƙaramar ɗigo ashirin da shida.

"Auta," in ji Yaya daga teburinsa, ko waiwayowa bai yi ba, "injin nan naka ɗan siyasa ne? Na ji da safe magana daban, da yamma daban."

Leburorin da ke shigo da tire suka kwashe da dariya. Ni kuwa raina ya ɓaci, don ba na son a yi mini dariya a kan aiki, ko da aikin da ba na so ne. A ranar na ƙudura sai injin nan ya faɗi magana ɗaya.

Sati uku na yi ina fama. Abu na farko da na gano rana ce. Da ta karkata bayan azahar sai haskenta ya faɗo ta taga a kan farantin, kyamarar ta rikice. Na sa aka rataya baƙin labule, abin ya ragu da kusan rabi, na fara hura hanci. Washegari ya dawo kamar ban yi komai ba. Na kunce, na ɗaure, na zagi injin, na zagi wanda ya ƙera shi. Ina cikin haka sai na ji Yaya a bayana.

"Ɗora tafin hannunka a kan teburin injin," ya ce. "Ka yi shiru, in ka iya."

Na ɗora. Da farko ban ji komai ba. Can sai na ji wani ɗan bugu yana zuwa yana komawa ta cikin ƙarfen, daidai da saukar babban injin matse tagulla da ke ɗakin gaba.

"Shi ya sa na sa aka kafa dutsena nesa da bangon nan tun kana makaranta," ya ce, ya koma wurinsa.

Muka janye injin daga bango, na sa masa robobi masu kauri a ƙafafu. Daga nan Yaya ya riƙa jefo mini magana jefi-jefi, kamar ba da gangan ba. Shi ya ce in daina ɗora ƙoƙo da zafinsa, in bar shi ya huce a kan dutse na minti goma sha biyar, don tagulla mai ɗumi ta fi mai sanyi tsawo. Shi ya ce in goge maiƙon da ke gindinsa, don siririn maiƙo ma tsayi ne. Nawa ɓangaren kuwa, na canza gilashin kyamarar na sa wanda ya fi ƙara girma, saboda da shi wurin da hoto ke fitowa tar ya fi ƙunci, ba ta da filin yin cinke. Na kuma lura zaren sukurun da ke ɗaga ta yana da ɗan wasa, sai na saita ta riƙa zuwa wa ƙoƙon daga sama kullum, kada yau ta zo daga sama gobe daga ƙasa. Na taɓa tambayarsa me ya sa yake taimakon abin da ya zo karɓe masa teburi. Ya ce shi ba injin yake taimako ba, ba ya son ganin awo na ƙarya ne a ɗakinsa.

A ƙarshen sati na uku ƙoƙuna tara sun nutsu. Na bakwai ne ya ƙi. Shekaru da gogewa sun mayar da samansa kamar madubi, kyamarar ba ta samun ko ɗan zane da za ta kama, sai ta yi ta hawa da sauka kamar mai neman allura a yashi. Na rage hasken fitila, na ƙara, na karkata ta, duk a banza. Ran Alhamis da la'asar Yaya ya nemi izini ya fita, ya ce zai ga likita a kan sugansa. Aka bar ni ni kaɗai da lamba bakwai da zuciyata. Zuciya kuwa ba ta taɓa ba ni shawarar kirki ba. Na shimfiɗa samfefa mai laushi, takardar nan ta goge ƙarfe, a kan dutsen, na kifa ƙoƙon, na goga don in kashe ƙyallin. Da na yi sau biyu na tsaya da ba a yi haka ba, amma da haushi na goga.

Na ɗora a inji, ya ba ni amsa goma kusan iri ɗaya. Na yi murna ta kamar minti guda, kafin idona ya kai kan katin da ke murfin akwatin. Kati ya ce sha biyu da ɗigo huɗu. Inji ya ce sha biyu ba ɗigo ashirin da bakwai. Na cinye ɗigo talatin da ɗaya daga ƙoƙon da Yaya ya fi shekara ashirin yana lallaɓawa. Na mayar da shi gurbinsa na rufe akwatin, na tafi gida ina shirya yadda zan sha faɗa da safe.

Da safe Yaya ya zo, ya buɗe akwatin, ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar kullum. Ta gefe yake riƙe su, don dokarsa ce ba a taɓa saman da ake aunawa da yatsa. Ya zo kan na bakwai, na zuba masa ido. Ya tura shi ƙarƙashin agogo, ya sunkuya, ya ɗago, ya mayar, ya ɗauki na takwas. Bai ce uffan ba. Na ɗauka fushin ne ya kai inda ba a magana. Asabar ma haka, Litinin ma haka. Ni kuma ragon banza, maimakon in je in faɗi laifina, sai na yi ta jira ya fara.

Ran Laraba aka yi jarrabawa. Manaja ya zo da takarda da biro ya zauna tsakanin teburan biyu. Injin ya yi awo ɗari, ba ƙoƙon da amsoshinsa suka yi nesa da juna fiye da ɗigo uku. Manaja ya gyaɗa kai. Sai aka zo kan Yaya, yana aunawa yana faɗa, Manaja yana rubutawa. Na ɗaya ya dace da inji, na biyu ya dace, har na shida. Ni ina tsaye a bayansa, na riga na shirya kalmomin ba da haƙuri.

"Na bakwai," in ji Yaya. "Sha biyu da ɗigo huɗu."

Manaja ya duba takardar injin, ya ɗaure fuska, ya ce a sake. Yaya ya zare ƙoƙon ya sake turawa. A shekara ashirin da na yi a wurin nan ban taɓa leƙa agogon Mai-Awo ta saman kafaɗarsa ba, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi ba, don raini ne. Ranar na leƙa. Allurar tana can hagu da sifili, ta yi nisa, ko daga bakin ƙofa mai ido zai gani. Yaya ya kai fuskarsa dab da gilashin agogon, ya ɗan karkata kai gefe, ya daɗe.

"Sha biyu da ɗigo huɗu," ya sake cewa, da muryar nan tasa da ba a yi mata musu.

Abubuwa suka riƙa dawo mini waɗanda na gani ban gani ba: yadda ya daina karanta jarida a lokacin hutu, yadda yake ba ni takardun ofis ya ce in karanta masa don hannunsa da maiƙo, yadda tsawon sati uku duk taimakon da ya yi mini da tafin hannu da kunne ya yi shi, bai taɓa zuwa ya dubi hoton da ke kwamfutar ba. Mu kuma muna ta yabon cewa awon Mai-Awo ba ya sauyawa ko da ɗigo ɗaya. Ni da na yi sati uku ina koyon cewa duk awon gaskiya sai ya ɗan motsa, ban taɓa tambayar kaina me ya sa nasa ba ya motsi ba.

Manaja ya ajiye biro. "To, inji mai maimaita kuskure sau goma ba shi da amfani a wurina," ya ce. Ya juyo gare ni. "Ka rubuto mini dalili zuwa Litinin. In babu dalili, a kira masu shi su zo su ɗauki kayansu."

Ko kallon agogon bai yi ba. Ba laifinsa ba ne, haka aka koya mana duka.

Da aka tashi aiki na wuce gidan Yaya kai tsaye. Matarsa, wadda nake kira Anti tun ina ɗan makaranta, tana kwashe shanya a tsakar gida. Ta dube ni sau ɗaya ta ajiye kwandon.

"Ka gane ke nan," ta ce.

"Ke kin sani, Anti?"

"Ni ke karanta masa sunan magani. Ni ke gaya masa wane ne ya yi sallama kafin ya shigo. Wata goma sha ɗaya ke nan. Ya rantsar da ni kada in gaya maka, ya ce bakinka ba ya riƙe magana, zuciyarka kuma ba ta riƙe fushi." Ta share ido da gefen mayafi. "Shiga, yana ciki. Don Allah ka bi shi a hankali."

Yana zaune a kujerarsa ta kusa da taga, rediyo a cinya, bai kunna ba. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa kamar yadda na saba, na gaya masa abin da na yi wa lamba bakwai. Ya juyo da fuskarsa wajena.

"Ɗigo nawa ka ci?"

"Talatin da ɗaya, Yaya."

"Ni kuma na ce huɗu. Har sau biyu." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗin ji. "Da lafiyata ƙalau da yau sai na kusa karya ka a kan akwatin nan."

Ya ce sugan ne ya ci tsakiyar ganinsa. Gefe-gefe yana gani, amma duk abin da ya zuba wa ido sai ya zama hazo. Likita ya ce za a iya tsayar da shi kada ya ƙaru, amma abin da ya tafi ya tafi. Ƙoƙunan gwajin nan goma ya haddace tsayinsu, kowanne ya san shi da ɗan tabon da ke gefensa. Ƙoƙunan kullum kuwa, yana jin yadda suke shiga ƙarƙashin agogo a yatsunsa, in allura ta yi babban tsalle kuma yana kama motsinta da gefen ido.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?" na ce, muryata ta fara hawa. "Ni bare ne? Da na tsaya kusa da kai ina karanta maka."

"Kai da wa za ka tsaya? Ka bar gyaran injunanka ka zo ka zama idon makaho, kowa yana kallo?" Ya lalubo kafaɗata ya dafa. "Auta, saurara. Manaja ya riga ya ce injin ne. Kai dai ka yi shiru. Wata huɗu ne. In cika talatin ɗina, in miƙa makullin ɗakin da hannuna, in fita ana cewa Mai-Awo ya gama lafiya. Bayan nan ku kawo inji goma. Tun da aka haife ka ban taɓa roƙonka komai ba."

Gaskiya ya faɗa, bai taɓa ba. Na ce masa ya je da kansa ya sami Manaja, ni zan raka shi, a nemi yadda za a rufa asiri. Ya ce shi ba zai tsaya a gaban yaron da aka ɗauka aiki a gabansa ya ce wata goma sha ɗaya yana sa hannu a kan abin da bai gani ba. Na ce to gas fa, Yaya, gidajen mutane fa. Ya ce hannunsa bai taɓa yaudararsa ba. Na ce yau ya yaudare ka. Da na san yadda maganar za ta fito da ban faɗe ta haka ba. Ya janye hannunsa daga kafaɗata ya kunna rediyon.

Kwana huɗu na yi ina juya abin. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma na yarda. Na ɗauki biro ya fi sau goma da niyyar rubuta cewa kyamarar ba ta iya ƙoƙo mai ƙyalli ba, wanda ma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Amma duk lokacin da matata ta sunkuya ta kunna gas, yaranmu suna wasa a ƙofar kicin, sai in ji ba zan iya ba. Wata huɗu a wurinmu ƙoƙo dubu saba'in ne da ɗoriya. Ran Litinin na rubuta shafi ɗaya. Na fara da laifina na samfefa, na ƙare da inda allura ta tsaya. Na ji kunyar kaina lokacin da nake miƙawa, kuma har yau ban daina ji ba, duk da na san ko yau aka sake abin da zan rubuta ke nan.

Manaja bai yi rashin mutunci ba. Ya karanta, ya cire tabarau, ya daɗe yana murza ido. Ya kira Yaya ofis suka rufe ƙofa. Da suka fito sai aka ce Mai-Awo ya tafi hutun rashin lafiya, amma kafin azahar har masu gadi sun san komai. Yaya ya shigo ɗakin awo ya ɗauki hularsa da kofinsa. Ya bar akwatin a inda yake. Ya wuce ta gabana bai dube ni ba, ko da yake yanzu ban san ko ƙin dubawa ya yi ba, ko kuwa ya duba ne bai gan ni ba.

Aka dakatar da duk kayan da ke sito, aka ce in sake auna su da inji. Ƙoƙo dubu shida da ɗari biyu. Kwana tara na yi a bayan baƙin labulen nan, ina gogewa, ina ɗorawa, ina saukewa. Injin bai ba ni matsala ko sau ɗaya ba, kuma ban taɓa tsanar wani abu kamar yadda na tsane shi a kwanakin nan ba. Da na gama, goma sha tara ne kawai suka fita daga ƙa'ida. Mutumin da ba ya ganin allura, da yatsu kawai, ya kuskure sha tara cikin dubu shida da ɗari biyu. Na zauna a kujerarsa na yi kuka, ba kowa a ɗakin.

Na zuba sha taran a leda na nufi gidansa ran Asabar da hantsi. Sati biyu ke nan ba mu yi magana ba. Anti ta tare ni a ƙofa ta wanke ni tas, ta ce ko abinci ba ya ci sosai, ta ce wanda ya goya ka ba shi ake tona wa asiri a kasuwa ba. Da ta gama ta matsa gefe ta ba ni hanya.

Ya rame. Na gaishe shi ya amsa a gajarce. Na zauna a ƙasa na gaya masa lissafin, ina sauri, don na ɗauka albishir na kawo. Na ce ko mai ido biyu lafiyayyu ba zai yi abin da ya yi ba, na ce Manaja ma ya jinjina.

"Na sito ke nan," ya ce. "Waɗanda suka riga suka fita fa? Na wata goma sha ɗaya?"

Na ce an aika wa masu haɗa kawunan tukunyar, kuma su ma suna gwada zurarar gas kafin su sayar, in sha Allahu ba abin da zai faru.

"In sha Allahu," ya ce. "Da ka yi mini shirun da na roƙa, da yanzu ana nan ana ƙara su." Bai ce na kyauta ba, bai kuma ce ya yafe ba. Ya miƙo hannu. "Ka zo da su?"

Na juye masa su a tire na ɗora a cinyarsa. Ya riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya ta gefe, yana tsayar da shi tsakanin babban yatsa da manuni, yana juyawa, yana ajiyewa a hagu. Anti tana tsaye a bakin ƙofa ta rufe baki da mayafi. A na shida ya tsaya. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya kai shi gefen idonsa, fuskarsa ta ɗan saki.

"Wannan ai lafiyarsa ƙalau, Auta. Injin naku ya zalunce shi."

Na san ƙoƙon. Sau goma na auna shi, sau goma ya gaza da ɗigo arba'in.

"Haka ne, Yaya," na ce.

Ya ajiye shi a dama shi kaɗai, ya lalubi tiren ya ɗauki na gaba.